Yadda ake ɗaure kujerar yaro a bayan Hilux don kada bel ya sassauta a hanya

Masu sa kujerar yaro a bayan Hilux ko Tacoma a nan Gombe, yawancinsu wuri ɗaya suke faɗuwa. Mutum ya zura bel, ya ja iya ƙarfinsa, ya girgiza kujera ya ji ta tsaya cak, shi ke nan a ganinsa an gama. Kafin a kai Alkaleri a hanyar Bauchi gargada ta sassauta bel ɗin, kujera ta karkace tana rawa da yaro a cikinta. Bel ɗin mota don babba aka yi shi, yana sakewa yana bin motsin jiki, ba ya kullewa sai an fizge shi ko an taka birki da ƙarfi. Kujerar yaro kuwa bel ɗin da ke kulle kullum take bukata.

Tun kafin ka kwanto kujerar daga kwalinta, binciki bel ɗin bayan. A irin waɗannan motoci shi ne abin da aka fi wulaƙantawa. Mai ɗinkin kujera ya binne bakin da harshen bel ke shiga a ƙarƙashin riga, direba ya ɗaga kujera don ciro jak ya mayar ta danne bel, an loda buhunan taki a kai shekara da shekaru. Jawo shi duka ka bi shi da yatsa. In ka ga tsagewa a gefe, ko zare ya fara warwarewa, ko alamar ƙuna, ko ɗinkin tela, wannan bel ya tashi daga aiki. Ba a ɗinke bel, ba a ƙulla shi. Sai ka sake shi ka ga ko zai koma da kansa, sannan ka fizge shi da sauri: lafiyayye nan take yake cijewa. Zura harshen cikin bakinsa sai ka ji ƙas, ka ja da ƙarfi. In ya fito ba ka danna jan maɓallin ba, a canza shi.

Mai jan jiki wajen komawa, sau da yawa ƙurar hunturu ce da dauɗa suka sandarar da shi. Jawo shi duka ka maƙale, ka wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ka bar shi ya bushe a inuwa kafin ya naɗe. Ban da fetur, ban da bilic, kuma kada bakanike ya ɗiga maka baƙin mai cikin manaɗin, wato abin da ke naɗe bel ɗin, ƙura kawai zai tara. Taɓa notin da ya riƙe bel da jikin mota, ka kuma jijjiga majinginar kujerar bayan ka tabbata ta kama. Motar da ta taɓa haɗari aka gyara a waje kafin a shigo da ita, sabon bel ya kamata a saya mata. Na gwanjo ya fi araha, gaskiya ne, amma ba wanda ya san abin da ya gani. In ta Amurka ce, sa lambar shasi mai harafi da lamba 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ka ga ko an taɓa kiran irinta gyara. A 2022 Toyota ta kira Tacoma kusan dubu 75 saboda waldar maƙalin kujerar yaro na sama.

Yanzu kullewar. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 bel ɗin fasinjansu yana da hanyar kullewa. A yawancinsu, jawo bel ɗin za ka yi a hankali har ƙarshensa, sannan ka bar shi ya fara komawa. Za ka ji yana ƙar-ƙar-ƙar. Ka gwada jawo shi: in ya ƙi fitowa, ya kulle. Kuskuren da ake yi shi ne fizga maimakon ja a hankali. Fizga tana sa ya cije na ɗan lokaci, mutum ya zaci ya kulle, da ya saki kuma ya koma yadda yake. Wani kuma ya tsaya saura taƙi ɗaya bai kai ƙarshe ba.

Tsarin aikin shi ne: zura bel ta hanyar da aka zana a jikin kujerar (akwai ta mai kallon baya, akwai ta mai kallon gaba, ba a musanya su), ka sa harshe a baki, ka jawo na kafaɗa har ƙarshe, sannan ka danna kujerar da gwiwa ko tafin hannu kana cusa ragowar bel cikin manaɗi. Kama kujerar daidai inda bel ya ratsa, ka ja ta hagu da dama, gaba da baya. Motsin kada ya wuce santimita 2.5. A wajen bel ake gwadawa, saman kujera mai kallon baya dama yana ɗan motsi.

Ba kowace Hilux ce ke da wannan ƙar-ƙar ba. In ka ja har ƙarshe bel ya ci gaba da fita da shiga abinsa, to kullewar daga kujerar za ta fito. Kujeru da dama suna da mamatsi a jikinsu da ke cije bel, kuma duk mai irin wannan mota ita ya kamata ya saya ko da ta fi tsada. In babu, akwai ɗan ƙarfe mai siffar H: ka ɗaure ka ja tamau, ka riƙe bel biyun da yatsa kusa da harshe, ka ɓalle, ka sa ƙarfen bai wuce santimita 2.5 daga harshen ba, ka mayar. Mayarwar za ta ba ka wuya, haka ake so. Igiya, waya ko robar tayar babur ba sa maye gurbinsa.

In motar tana da ISOFIX, wato ƙarfuna biyu da ke ɓoye a tsagin mazauni da majingina, kuma kujerar yaron tana da maƙalansu, ka huta da duk wannan. Yi amfani da su, ka bar bel. Amma kujerar tsakiya yawanci ba ta da nata, kada ka ari na gefe sai littafin mota ya yarda. Bel ɗin tsakiya mai ƙugu kaɗai kuma bai dace da kujerar ƙarin tsawo ta manyan yara ba.

Kujera mai kallon gaba tana da igiya a samanta. A-kori-kura ba ta da fili a bayan kujera, don haka a wasu sai igiyar ta bi ta madaukin da ke bayan kan yaro sannan a maƙala ta a na kusa da shi. Duba littafin motarka, kada ka rataya ta a ƙarfen matashin kai.

Jariri baya yake kallo, a kishingiɗe kamar digiri 45 don kada kansa ya faɗo gaba. Ƙa'idar Turai ta R129 ta ce aƙalla har wata 15, barinsa ya fi haka ya fi. Majinginar bayan Hilux a miƙe take kuma wurin ƙunci ne, sai an matsar da kujerar gaba. Kada a sa shi gaba inda jakar iska take. 'Yan Rod Sefti ma cewa suke yaro ƙasa da shekara 12 baya ne wurinsa.

Igiyoyin kafaɗa su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan ga mai kallon baya, daidai ko sama ga mai kallon gaba. Ka ja har ka kasa tsunkulo igiyar da yatsa biyu. Cire masa rigar sanyi mai kauri, a lulluɓa zani daga sama. A zafin Maris da Afrilu taɓa ƙarfen bel da hannunka kafin ka zaunar da shi. Duk ranar da aka kai motar wanki ko aka ciro jak, sake gwajin santimita 2.5 ɗin.