Nawa yaron ofishin dillanci yake samu a Maradi? Kurakuran lissafin da aka fi yi

A Maradi ba a rasa matashin da ke aiki ƙarƙashin ɗan tiranzit, wato mai fitar wa ƴan kasuwa kaya daga duwan, ko wani babban dillali. Shi ke cika takardun duwan, shi ke bin kamiyo zuwa Ɗan Isa, shi ke riƙe da littafin waɗanda suka biya da waɗanda ake bi bashi. Ka tambaye shi nawa yake samu, zai faɗa maka adadi mai daɗin ji, amma ashirin ga wata ka tarar yana neman rancen kuɗin isansi. Yawanci lissafin ne ya karkace tun ranar da ya kama aikin, kuma abin yana da gyara.

Wasu tun a waya suke ruɗa kansu. Sai su ga albashin ma'aikatan kamfanonin dillanci na Amurka, su juya dalar zuwa sefa, zuciya ta tashi. Waɗancan ma'aikatan takardun hannun jari suke sarrafawa, kuma adadin da ake nunawa na shekara ne, kafin a cire haraji. Irin aikinsu a yankinmu yana wajen kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, da kamfanoni irin SGI Niger a Yamai. Mai son sanin darajar aikinsa a nan, ya tambayi takwarorinsa biyu ko uku a wasu ofisoshin garin, kowa shi kaɗai, don a bainar jama'a kowa ƙarawa yake.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne haɗa albashi da la'ada a ƙwarya ɗaya. Albashi yana zuwa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. La'ada kuwa, da ɗan abin da mai kaya ke miƙo maka idan motarsa ta fita da wuri, kasuwa suke bi. Yaro zai ɗauki watan da ya fi kowane albarka, lokacin da wake da aya da riɗi ke fita, ko gab da salla da kaya ke shigowa ba ƙaƙƙautawa, ya ce abin da yake samu ke nan. A kan wannan adadin zai kama hayar ɗaki, ya shiga adashe mai nauyi, wani har ya sa ranar aure.

Mu ƴan Maradi bai kamata a koya mana haɗarin wannan ba. Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanyar Jibiya, sai a Maris 2024 aka buɗe. Kayan da a da ke taso wa daga tashar Kwatano su biyo ta Gaya, da yawansu suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, da tsawon hanya da jinkiri. A duk waɗannan lokutan wanda ke da tsayayyen albashi ya ɗan numfasa, wanda ya dogara da la'ada kuwa ya ga tasku. Saboda haka ka ɗora haya da cefane a kan tsayayyen albashi kaɗai. Idan kana son sanin ainihin la'adarka, ka rubuta ta wata goma sha biyu, har da watannin damina da kasuwa ke sanyi, ka raba gida goma sha biyu.

Sai kuɗin da ke fita daga aljihunka da sunan aiki, waɗanda ba ka ƙirgawa. Dubi yinin yaron tiranzit: da safe ya zuba isansi a moto, ya sayi karedi don kiran direban da ya tsaya a hanya, ya kwafi takardu, ya ci abinci a bakin ofishin duwan yana jiran sa hannu, la'asar ta yi aka ce takarda ɗaya ta ɓace, ya koma gari ya dawo. Jika ɗaya nan, rabin jika can. A ce jika ɗaya da rabi kake kashewa kullum, a kwana 26 ka zubar da sefa 39,000 ba ka sani ba. Ka sayi ƙaramin littafi, ka rubuta komai nan take, ka kai wa maigida duk mako. Kuma kuɗin mai kaya da aka ba ka ka biya duwan, kada ya kwana aljihu ɗaya da naka. Yara da yawa masu amana sun ɓata sunansu ta nan, sun taɓa kaɗan da niyyar mayarwa gobe, gobe ta zo da wata buƙata.

Abin da ya fi damuna shi ne aiki ba takarda. Alhaji zai ce, "Kai ɗana ne, mene ne na rubutu tsakaninmu?" Kunya ta hana ka magana, shekaru su wuce. Alhajin na iya zama mutumin kirki ƙwarai, amma ranar da ya rasu ko ya miƙa ofis ga ƴaƴansa, ba ka da shaidar komai. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta tanadi awa 40 a mako da hutu mai albashi, kuma mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairu 2024. Rajista da CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, wajibi ne a kan mai ɗaukar aiki. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashinka, wato sefa 3,150 a albashin 60,000, maigida kuma ya zuba kusan ninki uku na hakan. Wasu na gudun wannan cirewar don su karɓi kuɗinsu cif, alhali ita ce fanshonsu, rajistar kuma ita ce madogararsu in moto ta kayar da su a hanyar Ɗan Isa. Magana ce da ake yi da ladabi, ba a gaban baƙi ba: "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina son a sa ni a CNSS saboda iyali." Idan bakinka ya yi nauyi, ka nemi kawunka ko wanda ya kai ka wurin ya yi maka jagora. In abin ya ƙi, akwai ofishin sufetan aiki.

Wanda maigidansa ke hulɗa da Katsina da Kano ya kula da kuɗin da aka yanka masa albashi da shi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, naira kuwa ta faɗi warwas tun Yuni 2023. Ko da naira za a miƙo maka, a tsayar da adadin da sefa, a canza bisa farashin ranar biya.

Akwai kuma masu zaton daɗewa kaɗai ke ƙara albashi. Mai kai takarda ya dawo, ko ya shekara goma, ana iya maye gurbinsa da wani gobe da safe. Wanda ya iya shigar da bayanan kaya a manhajar SYDONIA ta duwan ba tare da kuskure ba, ya san lambar da kowane kaya ke faɗawa a jadawalin haraji, ya iya Faransancin takardu kuma ya iya magana da ɗan kasuwar Kano, shi ne wanda ofisoshi ke zawarci. Ka roƙi wanda ke zaune gaban kwamfuta ya bar ka kusa da shi ko awa ɗaya a yini, ka fara da takardun da aka riga aka gama, kana gwada naka da nasa. Sai ka yi wata shida kana cikawa ba a dawo maka da gyara ba, sannan ka shiga wurin Alhaji da maganar ƙari.