Shinge da fara a gaban mota: yadda nake wanke su fenti bai lalace ba

Ni direba ne, hanyata Kano zuwa Damaturu, kuma yawancin tafiyata ta yamma ce zuwa dare. Duk wanda ya bi hanyar nan bayan saukar ruwan farko, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ya san abin da nake nufi. Shinge ya fito daga suri yana bin haske, fitilar motarka kuwa ita ce hasken da ya fi kusa. Kafin ka wuce gadar Wudil gilashin gaba ya fara dishi-dishi, kafin ka kai Azare bamba da madubai sun koma kamar an watsa musu kunu. Da kaka kuma sai fara ta karɓa, ita har ƙarar faɗuwarta kake ji a gilashi.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin datti kawai, in ce bari sai ranar Juma'a a wanke gaba ɗaya. Wani mai fenti ne ya buɗe min ido, ranar da na kai masa bonet ɗina da tabo ɗigo-ɗigo da suka ƙi fita. Ya ce, "Malam, wannan ba datti ba ne, ƙuna ce." Ruwan cikin ƙwaro yana da tsami, kuma yana da danƙo. In rana ta dake shi a kan ƙarfe mai zafi, sai ya ci siririyar fatar nan mai sheƙi da ke saman fenti. A zafin garinmu kwana ɗaya ko biyu sun isa. Baƙar mota ta fi shan wahala don ta fi ɗaukar zafi.

Saboda haka yanzu ba na barin su su yini. In na iso da dare, da asuba bayan salla nake yi, kafin rana ta ɗaga, jikin mota da sanyinsa. In dole sai da rana, a inuwa.

Da farko ina watsa ruwa zalla don ƙura da yashi su sauka, don su ne ke karce fenti in ka sa tsumma. Sai in jiƙa tsohon tawul a bokitin ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wankin mota, in shimfiɗa shi a kan bamba da bakin bonet, in tafi in sha shayi. Minti 10 zuwa 15. Nan ne duk aikin yake, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa. Da ka ɗage tawul za ka ga ƙwarin sun yi laushi, shafa ɗaya suke bin tsumma. Wanda ya yi taurin kai, a sake jiƙa shi, kada a sa masa ƙarfi. Tsumman ya zama mai laushi irin wanda ake sayarwa don goge mota, kuma bokiti biyu nake ajiyewa, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada in mayar da ƙafafuwan fara da yashi kan fenti. Ƙafar fara tana da ƙaya, tana zana layi.

Abin da ba na yarda ya taɓa motata: soson ƙarfe, da koren soson wanke-wanke, da farce, da reza a kan fenti. Wani yaro a wurin wanki ya taɓa gurza min fitila da koren soso, da kyakkyawar niyya kuwa, har yau fitilar hazo-hazo take, don murfin fitilun motocin yanzu roba ne, ba gilashi ba. Garin sabulun wanki ma na daina, yana cinye folish ɗin da ke kare fentin. Fetur da kananzir da wasu ke shafawa suna cire tabon, gaskiya, amma suna busar da roba, su bar wurin tsirara.

Gilashin gaba ya fi sauƙi. Kuskure ɗaya dai: kunna waifa a bushe. Sai ta shafe maka ƙwarin ko'ina, fitilar mai zuwa ta haske wurin, ka rasa ganin hanya. Ka cika tankin ruwan waifa kafin ka tashi, ka riƙe gorar ruwa da tsumma a but. Ni a Potiskum nake tsayawa in goge gilashi da fitilu, sauran sai gida.

Ka leƙa lagireto ma. Ƙwarin da suka maƙale a ragarsa suna tare iska, inji ya yi ta ɗaukar zafi, na'urar sanyaya mota ta rage ƙarfi. Ruwa a hankali, in da hali daga ciki zuwa waje, ban da matsin famfo mai ƙarfi, don ƙarafunan sirara ne, nan da nan suke lanƙwashewa.

Kariya kuwa, folish ne. Ina shafawa a watan Mayu kafin damina, in sake a Satumba kafin fara ta fito, in ninka a bamba da bonet da bayan madubai. Gwajinsa ba wuya: watsa ruwa, in ya tsaya ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, da saura, in ya baje ya kwanta, ya ƙare. A kan folish ƙwaro ba ya kamawa sosai, wankin minti 20 sai ya dawo na biyar. Masu hali suna manna farar leda mai kauri a gaban motar, tana aiki, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin motar haya irin tawa.

In tabo ya riga ya kama, ka shafa yatsa a kai bayan wanki. In santsi ne, inuwar tabon kawai ta rage, man goge fenti mai laushi zai iya ɗauke shi. In kuwa ka ji rami, ka bar shi haka ka kai wa mai fenti, kada ka ƙara gurzawa.