Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen hanya a BGP

Kuskuren da ke haifar da sauran shi ne ɗauka cewa saƙo a intanet yana bin hanya mafi kusa. BGP, tsarin da cibiyoyin intanet ke amfani da shi wajen shelanta wa juna hanyoyin isa ga adireshi, bai san kilomita ba, bai san cunkoso ba. Rauta, na'urar da ke zaɓa wa saƙo hanya, tana fara duba makin fifikon da mai cibiya ya sa da hannunsa, sannan ta ƙirga lambobin AS (kowace cibiya da lambarta) da ke kan hanyar, ta ɗauki mafi gajarta. Galibin kamfanoni kuɗi suke bi: hanyar kwastoma a gaba, sai ta abokin musaya (cibiyar da ake musayar zirga-zirga da ita ba biya), ta wanda ake biya kuwa a ƙarshe. Shi ya sa maimaita lambar AS sau biyar don a tsawaita hanya kan tashi a banza, domin makin fifikon maƙwabci ya riga ya yanke hukunci. Gyaran shi ne a nemi maƙwabcin ya rage makin, yawanci ta alamomin da ya tanada don haka.

Ana kuma mance cewa ƙaramin rukunin adireshi yana doke babba, komai nisansa. A Fabrairun 2008 Pakistan Telecom ta shelanta ƙaramin rukuni (/24) daga cikin babban rukuni (/22) na YouTube, shelar ta tsallake iyaka, shafin ya ɓace wa duniya kusan awa 2.

Wanda ya fi ɓarna shi ne barin ƙofa babu tace hanyoyin da ke shiga da fita. Ranar 12 ga Nuwamba 2018 cibiyar MainOne ta Legas ta miƙa wa China Telecom hanyoyin Google da ta koya a wurin musaya, inda cibiyoyi ke haɗuwa, aka karɓa ba bincike, zirga-zirgar ta karkata ta Rasha da Sin sama da awa ɗaya. Laifin ɓangare biyu ne, mai bayarwa da mai karɓa. Kada a fitar wa maƙwabci komai sai rukunan cibiyar da na kwastomominta. Kowane kwastoma a rubuta masa jerin abin da aka yarda ya shelanta, a ƙayyade adadin da in ya wuce haɗin BGP da shi zai yanke. A yi rajistar ROA (shaidar AS ɗin da ke da izinin shelanta rukuni), a riƙa watsi da abin da RPKI (tsarin da ke gwada shela da ROA) ya ce bogi ne, amma a sani RPKI asalin shela kawai yake tantancewa, irin yoyon MainOne zai wuce shi lafiya lau.

Sai traceroute, manhajar da ke nuna rautocin da saƙo ya ratsa: hanyar zuwa kaɗai yake nunawa. Dawowa na iya bin wata nahiya daban, don haka a gwada daga ɓangarorin biyu kafin a taɓa saiti.