Kurakuran da aka fi yi wajen kula da shafin intanet na jami'a da yadda ake gyara su

Da zarar WAEC ta saki sakamakon WASSCE, shafukan jami'o'i sai su cika da baƙi, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke zaune gaban kwamfuta. Yarinya ce a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Gana, riƙe da wayar mahaifiyarta, ko wani dattijo a Asawase da ya kira ɗansa ya ce, "Zo ka duba mana nawa ne kuɗin makarantar nan," datar da ke wayar kuwa ta sidi kaɗan ce. Abu uku suke nema: yaushe za a rufe karɓar fom, nawa za a biya, ina za a biya. Duk ma'aikacin da aka damƙa wa shafin jami'a ko na sashe, waɗannan mutanen yake wa aiki, ko da a ofis shugaban sashe kaɗai yake gani.

Kuskuren da ya fi cutar da su shi ne barin tsohon bayani. Sanarwar neman gurbi ta bara tana nan, ba kwanan wata a jikinta, kuma sau da yawa ita Google ke fara nunawa domin ta daɗe a wurin. Uba ya ga kuɗin bara, ya haɗa shi da ƙyar, wataƙila har da kwasar adashi, ya isa banki a ce masa da saura. Tushen matsalar shi ne shafin ba shi da mai shi. Wanda ya ɗora ya koma wani ofis, wanda ya gaje shi yana tsoron gogewa kada a tambaye shi. Gyaran ba ya buƙatar gwani. A rubuta jerin shafuka, kowanne da ofishin da ke da alhakinsa da watan da za a sake duba shi. A sa zangon karatu a kan take, misali 2025/2026, a kuma nuna ranar da aka sabunta. Adireshin shafin neman gurbi ya zama guda ɗaya kowace shekara, abin da ke ciki ne zai riƙa canzawa, tsofaffin adireshi kuma a karkatar da su zuwa gare shi ta hanyar da ake kira 301. Sannan sassa su daina kwafar kuɗin makaranta zuwa shafukansu. Ofishin kuɗi ne ke da adadin, ofishin rajistara ne ke da ranakun, sashe ya sa mahaɗi kawai. Haka ma kwas: kafin a tallata shi a tabbatar yana da amincewar GTEC, hukumar da aka kafa a 2020 don sa ido kan manyan makarantun Gana.

Inda bayanin gaskiya ya yi wuyar samu, nan 'yan damfara ke shiga. Za ka ga saƙo yana yawo a WhatsApp, wani ya ce yana da hanya, a tura masa kuɗi ta MoMo ya samo gurbi. Abin da ke kare iyaye shi ne su san adireshin makaranta na ƙwarai yana ƙarewa da edu.gh, kamar knust.edu.gh a nan Kumasi ko ug.edu.gh na Legon. To amma sai wani sashe ya gaji da jiran ofishin kwamfuta, ya je ya buɗe nasa shafin a waje da adireshi mai ƙarewa da com. Niyyarsa mai kyau ce, sai dai ya koya wa ɗalibai cewa kowane adireshi na iya zama na makaranta. A nemi reshe ƙarƙashin babban adireshin ko da za a sha jira. A kuma rubuta ɓaro-ɓaro a shafin neman gurbi bankuna da hanyoyin da makaranta ta amince a biya ta cikinsu.

Sai batun PDF. A buga sanarwa, a sa hannu, a danna hatimi, a ɗauki hotonta a karkace, a ɗora. Mai waya sai ya yi ta jan allo hagu da dama kafin ya karanta layi ɗaya, akwatin bincike na shafin ba ya ganin rubutun, manhajar da ke karanta wa makafi allo kuma shiru za ta yi, domin a wurinta hoto ne. A rubuta sanarwar a jikin shafi, takardar mai hatimi a liƙa ta a ƙasa don mai buƙata.

Shafin farko ma yakan sha kaya: hotunan taro goma suna juyawa, jawabin maraba, labaran ziyara, sai can ƙasa ka tarar da hanyar neman gurbi. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Hoton da aka ɗauko kai tsaye daga waya yakan kai megabait 4 ko 5, alhali idan aka rage shi ya koma ƙasa da kilobait 200, musamman a tsarin WebP, ido da wuya ya ga bambanci. PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin shafi, zai nuna maka hotuna masu nauyi kyauta, amma gwajin da na fi yarda da shi shi ne ka kashe Wi-Fi na ofis, ka karɓi ƙaramar waya, ka buɗe shafin kana cikin motar haya ta tiroto a Tech Junction.

Akwai kuskuren da kan iya kai makaranta gaban hukuma: ɗora jerin sunayen ɗalibai tare da ranar haihuwa, lambar waya, wani lokaci har lambar Ghana Card. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta shafi jami'o'i kamar yadda ta shafi bankuna. Kuma abin da ya fita ya fita, ko ka goge wani ya riga ya sauke. Kowane ɗalibi ya shiga da lambarsa ya ga nasa. Fom ɗin tattara bayanai ma kada a buɗe shi da Gmail na wani ma'aikaci.

Wannan ya kai mu ga kalmar sirri. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ya gina shafin, da imel ɗinsa ya yi rajistar komai, shekararsa ta cika ya tafi, yanzu ana ta kiran lambar da ba ta shiga. Kowa ya samu asusunsa da iya ikon da aikinsa ke buƙata, rajista ta kasance da imel na ofis, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ranar da mutum ya bar aiki a rufe nasa. Manhajar ma tana tsufa. An daina tallafa wa manhajar gina shafi ta Drupal 7 tun 5 ga Janairu 2025, ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress kuwa, idan ba a sabunta su, ta nan masu kutse ke shiga, wata safiya a tarar da tallan caca a shafin tsangaya. A ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam, a kuma gwada dawo da shi tun kafin ranar buƙata. Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt an san ta da kwana 90, don haka a saita ta ta riƙa sabunta kanta, in ba haka ba Chrome zai tare mai shiga da gargaɗi.

Masu larurar gani su aka fi mantawa da su, duk da Gana na da dokar naƙasassu tun 2006. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu larura amfani da shafi, waɗanda bugu na 2.2 ya fito a 2023, sun nemi kowane hoto mai ma'ana ya samu gajeren bayani a rubuce, bambancin launin rubutu da bango kuma ya kai 4.5 zuwa 1. Rubutu ruwan ɗorawa a kan fari ba ya kaiwa, ko da launin makaranta ne. A daina rubuta "danna nan", a ce "jadawalin kuɗin makaranta". Don gwaji, ka ajiye linzamin kwamfuta ka bi shafin da maɓallin Tab kaɗai, sannan ka kunna TalkBack, manhajar da ke karanta allo, a wayar Android ka gwada cika fom ɗin neman gurbi daga farko har ƙarshe.