Kurakuran da ake yi wajen neman wurin kallon tsuntsaye a tafkunan Haɗejiya da Nguru

Yawancin masu dawowa daga Nguru ko Dagona suna cewa wai an zuzuta wurin ne kawai babu wasu tsuntsaye, in ka bi diddigi za ka tarar lokaci ne suka kuskure. Tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai da yammacin Asiya suna fara sauka ne bayan damina, wajen Satumba zuwa Nuwamba, su yi hunturu a nan, to daga Maris sun fara haramar komawa, kafin Afrilu ya ƙare mafi yawansu sun tsallake Sahara. Mutum ya bari sai zafi ya kankama sannan ya ɗauko jaka ya taho, ai sai dai ya tarar da balbela da zalɓe da 'yan gida. Ni dai a ganina ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris ya fi kowane lokaci daɗi, saboda hazon hunturu ya fara sauƙi, ruwan ambaliya kuma ya janye sosai, tsuntsayen da a Disamba suke warwatse a faɗin fadama duk sun tattaru a 'yan tafkunan da suka rage. Akwai kuma masu zuwa a wannan lokacin suna cigiyar shamuwa, ita sai dab da damina take zuwa, kada ka ɓata ranarka a kanta.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi damuna, wato bin suna da taswira. Mutum ya buɗe Google Maps ya ga shuɗi an rubuta tafki, ya ce nan za shi. Wannan yanki fa ba ruwa ne mai zama wuri ɗaya ba. Kogin Haɗejiya da na Jama'are ne suke malala a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970 sannan ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isowa ya danganta da damina da kuma abin da aka sako daga sama. Wurin da bara yake cike da agwagi bana kana iya samunsa busasshe an shuka masa wake, wani wurin kuma kacala ta cinye shi gaba ɗaya, ciyawar nan mai tsayi da ta toshe hanyoyin ruwa musamman ta wajen Marma, hanyar ruwan da ke shiga tafkin Nguru, ka tsaya a gabanta ta fi ka tsawo, kana jin kukan tsuntsaye a ciki amma ko ɗaya ba za ka gani ba. Eh, tafkin Nguru yana cikin jerin wuraren Ramsar, wato fadamu da tafkunan da duniya ta amince da muhimmancinsu, tun 2000, Dagona da Baturiya sun shiga a 2008, sunayen suna nuna maka yankin da za ka dosa ne kawai, amma takamaiman gaɓar da za ka tsaya a wannan makon, masunci ne ya san ta.

Shi ya sa shiga gari ba sallama babban kuskure ne. Ka isa ƙauye ka fara zuwa ka gaida bulama ko mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka ce ranka ya daɗe tsuntsaye muka zo kallo ba harbi ba, don mutane na ganin baƙo da abin hangen nesa a wuya dole su yi tunani iri-iri, ga yanayin tsaro yadda yake. Daga nan a haɗa ka da wani mai kwale-kwale ko mai su. Kuma tambayar ma akwai yadda ake yinta. In ka ce ina tsuntsaye suke, zai nuna maka ko'ina da hannu, don gaskiya ko'ina akwai su. Ce masa baba a ina kirinjijiya ke wuni kwanan nan, ta ina dinya ke sauka da asuba, wane tafki ne ruwansa ya koma iya gwiwa. Nan take za ka ji bayani dalla-dalla har da hanyar da babur zai iya bi. Ka kuma sallame shi da kyau, ya bar sana'arsa ne ya raka ka. Dagona kuwa tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, akwai ma'aikata, ta hannunsu ake shiga, kada ka yi ƙoƙarin zagayewa ta baya.

Sai kuma son babban ruwa. Ido yana son inda ruwa ya yi faɗi ya yi zurfi, a can ake ɗaukar hoto mai kyau, amma abincin tsuntsu ba a can yake ba. Nemi inda ruwa ke janyewa yana barin taɓo mai laushi, ko gonar shinkafar da aka girbe ruwa ya kwanta a ciki kaɗan, ko lungun da bado ya rufe. A irin wannan lungun ne za ka ga tsuntsun nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da farin wuya da goshi shuɗi, yatsunsa dogaye ƙwarai, yana taka ganyen bado ɗaya bayan ɗaya, ganyen ya ɗan nutse ya taso, shi kuma yana ɗaga gefensa da baki yana tsintar ƙwari. A cikin garken kirinjijiya masu farar fuska da ke ta fito, in ka nutsu ka bi su ɗaya-ɗaya za ka hango wasu ƙananan agwagi, namijin da farin layi ya taso daga saman ido ya gangara ƙeya, to waɗannan baƙi ne, daga Turai suke, kuma a Maris ɗin nan ne launinsu ke fitowa sosai don sun kusa komawa wurin yin ƙwai. A bakin taɓo kuma ga masu dogayen ƙafafu nan garke-garke suna caccakar laka. Wanda ya tsaya a bakin zurfi duk wannan ya wuce shi.

Batun lokacin fita ba sai an ja shi ba, ana idar da sallar asuba a kama hanya, kafin ƙarfe 10 an gama mai daɗin, sai kuma bayan la'asar. Abin da mutane ke mantawa shi ne rana. Da safe ka tsaya ta gabashin ruwan rana na bayanka, da yamma ka koma ta yamma. In ka yi akasin haka duk tsuntsun da ka kalla baƙi ƙirin zai zame maka, ba za ka bambance zalɓe da jinjimi ba sai dai a siffar baki.

Yanzu ga wanda dan Allah nake roƙo a daina. A zo da farar shadda tana walƙiya, a kawo mota ko babur har bakin ruwa, ana hira sama-sama ana kunna waƙa a waya, in tsuntsaye sun ƙi tashi kuma a sa yara su yi jifa ko a tafa hannu don a samu bidiyon tashinsu. Wallahi wannan cutarwa ce. Tsuntsun da zai ƙetare Sahara nan da 'yan makonni, kitse yake tarawa a jikinsa, shi ne guzurinsa, duk tashin da ka sa shi yi a banza daga cikin guzurin nan ya ci. Kuma kai ma ka yi asara don in suka tashi wani tafkin za su koma. Sa kaya masu ruwan ƙasa ko toka, ajiye abin hawa nesa, ka ƙarasa a ƙafa a hankali, ka samu gindin bishiya ko tudun gona ka zauna ka yi shiru kamar minti 20, da kansu za su matso. In ka ji zakaran ƙeƙuwa ya fara ihu yana zagaye kanka, ka matso da yawa ke nan, ja baya, don shi ne zai tona maka asiri a wurin sauran.

Wasu kuma waya kawai suke dogara da ita, su yi ta jan hoton har ya dushe. Waya ba za ta yi maka aikin madubin hangen nesa ba, ko na hannu ne ka samu mai lamba 8x42 ya wadatar, in babu ku yi karo-karo ku riƙa karɓa-karɓa. Amfanin wayar shi ne rubuta abin da ka gani da wurin da ranar, manhajar eBird ko BirdLasser duk suna yi, kuma kafin ka taso ma kana iya duba abin da wasu suka gani a yankin kwanan nan, wannan ya fi tsohon hoton Facebook da ba ka san shekarar da aka ɗauke shi ba.

Na ƙarshe lafiyarka da haƙƙin mutane. Kada ka tuɓe takalmi ka shiga ruwan kwance don ka matsa kusa, tsargiya a irin ruwan nan ake ɗaukarta. Ka ga mataccen tsuntsu ko wanda ya kasa tashi, kar ka taɓa shi balle ka kai gida cikin kajinka, akwai murar tsuntsaye, ka sanar da ma'aikatan gandun daji ko na dabbobi. Kwale-kwale in an cika shi ka jira wani, in da rigar ruwa ka sa. Fadamar nan kuma gonakin mutane ce, a wannan lokacin akwai alkama da tattasai da albasa a ƙasa, ka bi ta kan kunya ko hanyar da manomi ya nuna maka, komar masunta da gurarsu ka kewaye su. Ka tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki tun kafin ka baro gida, ka riƙe ruwan sha da yawa da malafa, don daga tsakiyar Maris zafin Gashuwa da Nguru tun hantsi yake farawa.