Zafin Kwamfutar Wasa a Ƙasar Sanyi

Duk shekara idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da Satumba, nakan sami baƙi iri ɗaya a ɗan shagona na gyaran kwamfuta da ke Samaru. Matasa ne da suka gama digirin farko a Jami'ar Ahmadu Bello, suka sami gurbin ƙaro karatu a Ingila ko Turkiyya ko Malesiya, kowannensu rungume da kwamfuta mai nauyi, yana so a duba masa ita kafin tafiya. Mafi yawansu ɗaliban zanen gine-gine ne da injiniyanci, waɗanda manhajojin zane irin su AutoCAD da Revit da Lumion suka tilasta wa sayen kwamfutar wasa, domin ita ce ke da katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hotunan da ake gani a allo, mai ƙarfi a farashin da ɗalibi zai iya kaiwa, ko da yake ba zan yi musu ƙazafi ba idan na ce wasannin eFootball da Call of Duty ma suna da hannu a zaɓin. Bayan wata biyu ko uku da tafiyarsu sai waya ta fara shigowa, kuma kukan ɗaya ne: kwamfuta tana zafi, fanka tana ruri, wasa yana cijewa.

Ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda suka kira bara, a watan Nuwamba, daga wani gari a arewacin Ingila. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Kawu, ko a Zariya cikin zafin Afrilu kwamfutar nan ba ta taɓa yi mini haka ba, ga shi nan sanyi har cikin ƙashi." Na ce masa ya juya kyamara in ga inda ya ajiye ta. Tana kan gado, ta nutse cikin wani bargo mai kauri, gadon kuma yana jingine da hitar da ke ƙarƙashin taga, har ya shanya safa a kan hitar. A gida kuwa a kan teburin katako yake ajiye ta, fankar sama tana kaɗawa a kanta.

Sanyin da ke waje ba ya shiga cikin kwamfuta, iskar ɗaki take shaƙa, kuma ta ƙasanta take shaƙa. Fankokinta suna jawo iska ta ramukan da ke ƙarƙashi, su hura ta cikin wasu siraran haƙoran ƙarfe da bututun jan ƙarfe ke kai wa zafi, sannan iskar ta fita ta baya da gefe. Bargo da katifa da kafet suna toshe waɗannan ramuka gaba ɗaya, kuma sabon zuwa, wanda sanyi ya hana shi zaman tebur, a cikin bargo yake yin komai. A ɗakunan ɗalibai da yawa ma teburin karatun yana gaban taga, daidai inda hita take, ta yadda iskar da ta fi kowace ɗumi a ɗakin ita ce kwamfutar ke zuƙa. Don haka gyara na farko ba ya cin ko kwabo: a mayar da ita kan tebur, a nisanta ta da hita da bango, a ɗaga bayanta kamar yatsa biyu ko uku da ɗan katako ko littafi, amma kada littafin ya rufe ramukan.

Abin da nake roƙon ƙannena shi ne kada su kashe kuɗi kafin su auna, domin zafi da cijewa ba koyaushe suke ciwo ɗaya ba, kuma hannu ba ma'auni ba ne. Kwamfutar wasa an ƙera ta ne ta yi zafi, jikinta yana iya ƙona tafin hannu alhali cikinta lafiya lau. Akwai manhaja ta kyauta mai suna HWiNFO wadda ke nuna zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da na katin hoto da saurin kowannensu, akwai kuma MSI Afterburner wadda ke iya rubuta waɗannan lambobi a kusurwar allo ana cikin wasa, tana kuma aiki a kan kwamfutar kowane kamfani. Mafi yawan furosesoshin Intel na irin wannan kwamfuta iyakarsu digiri 100 ce, katin NVIDIA kuwa yakan fara ja da baya tun daga wajen digiri 87. Idan ɗayansu ya kai iyakarsa ba ya ƙonewa, rage gudu yake yi da kansa domin ya huce, kuma wannan rage gudun shi ne mai wasa yake gani a matsayin cijewa. Furosesa da ke yawo tsakanin digiri 80 da 90 ana cikin wasa mai nauyi ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ta manne a 97 ko 99 ba ta sauka, saurinta kuma yana faɗuwa, ita ce mai neman magani.

Lokacin da cijewar ke zuwa shi ne babban shaida. Idan wasa ya fara sumul, sai bayan minti goma ko ashirin ya soma tangal-tangal, fanka kuma ta kai ƙarshen muryarta, to zafi ne. Idan tun daga daƙiƙar farko yake jan ƙafa, alhali kwamfutar a sanyaye take, a tuhumi wuta. Idan yana tafiya daidai, sai ya ƙame na ɗan ƙiftawar ido duk lokacin da aka shiga sabon wuri, matsalar ta ma'ajiya ce ko ta manhaja. Idan kuwa ba ya cijewa sai ana wasa da mutane ta intanet, babu ruwan kwamfuta ko kaɗan.

Maganar wuta ita ce ta fi kama sababbin zuwa. Cajar kwamfutar wasa takan kai wat 180 zuwa 330, tana da nauyi kamar rabin bulo, shi ya sa wasu ke barinta a gida saboda awon kaya a filin jirgi, da niyyar sayen ƙarama idan sun isa. Ƙaramar caja ta USB-C wadda aka fi samu ba ta wuce wat 65 ko 100, tana isa rubutu da karatu, amma da zarar katin hoto ya farka sai kwamfutar ta rage wa kanta ƙarfi, ko ta riƙa cin batir alhali tana jone. A kan batir zalla kuwa, yawancinsu da gangan suke taƙaita wasa, wani lokaci zuwa hoto 30 a daƙiƙa. A tafi da cajar asali ko da za a rage takalma. Idan an duba jikinta za a ga an rubuta tana karɓar bolt 100 zuwa 240, saboda haka tana aiki a Amurka da Kanada masu bolt 120 kamar yadda take aiki a nan, kan filogi kawai ake sauyawa. Ingila da Malesiya da Saudiyya suna amfani da filogi mai ƙafa uku irin wanda muka saba, Turkiyya da Jamus da Masar kuwa mai ƙafa biyu zagayayyu. A ganina gara a sayi igiyar da ke shiga caja irin ta ƙasar da a dogara da adafta mai arha, domin adaftar da ba ta kama da kyau tana yanke wuta tana dawo da ita, kuma duk yankewa sai kwamfutar ta koma tsarin batir, wasa ya cije. A duba kuma manhajar kamfanin, irin su Armoury Crate ko Lenovo Vantage ko NitroSense, kada a ce an bar ta a tsarin shiru tun daga laburare.

Idan an tabbatar zafi ne, kuma an gyara wurin ajiya bai sauka ba, sai a koma ga datti. A nan akwai bambancin da na lura da shi a kwamfutocin da ake dawo mini da su daga waje. Ƙurar hunturu ta Zariya gari ce mai laushi, tana kwanciya a kan fikafikan fanka, hurawa ɗaya takan kore ta. Ta ƙasashen sanyi kuwa zaren kafet ne da na bargo da na rigar sanyi, tana taruwa tsakanin fanka da haƙoran ƙarfe ta zama wani ɗan tabarmi mai toka-toka wanda ake zarowa da hantsaki kamar auduga. Fanka tana juyawa da dukan ƙarfinta, ƙara tana tashi, amma idan aka sa hannu a bayan kwamfutar sai a ji iskar da ke fita ba ta taka kara ta karya ba. Hurawa daga waje ba ta fitar da wannan tabarmi, ƙara cusa shi ciki take yi. Sai an kashe kwamfuta, an zare caja, an kwance murfin ƙasa, an cire igiyar batir daga allon ciki, sannan a tokare fanka da tsinke a hure ta da gwangwanin iska, a bi da buroshi mai laushi. Tokarewar tana da muhimmanci, domin fankar da aka bari iska ta juya ta fiye da ƙima takan lalace, ta koma yin ƙara har abada.

A nan gida, wanda bai iya ba sai ya kai wa mai gyara a PZ ko Sabon Gari, a yi masa yana zaune, ya biya abin da bai fi kuɗin abincin rana ba. A can ladan hannu yana da tsada ƙwarai, kuma sau da yawa sai an bar kwamfutar kwanaki, abin da ɗalibi mai aikin da za a karɓa ranar Litinin ba zai iya jurewa ba. Wannan ne dalilin da ya sa nake sa masu tafiya su tsaya a kaina su ga yadda ake kwancewa, su ɗauki hoton inda kowane sukuru yake, tun da tsayinsu ba ɗaya ba ne.

Sauya man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfe, wanda ke miƙa zafi daga wannan zuwa wancan, kuwa mataki ne na gaba, kuma ba na so a yi gaggawarsa. Man yana bushewa bayan 'yan shekaru, musamman a kwamfutocin da aka riga aka yi amfani da su da ake kawowa kasuwanninmu, kuma sabo yana iya sauke zafi sosai. Amma wasu kwamfutoci, kamar da yawa daga cikin ROG na Asus tun daga 2020, ruwan ƙarfe aka sa musu a maimakon man, wanda wuta ke bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya a kan allon ciki ya isa ya kashe kwamfuta. Irin wannan aikin gwani ne. Wanda kuma ya sayi sabuwa a can, ya karanta takardar garanti kafin ya taɓa sukuru, ya kuma adana rasit. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye garantin shekara 2, a can da Ingila kuma wanda ya saya ta intanet yana da kwana 14 na fasa ciniki, don haka makon farko shi ne lokacin matsa wa sabuwar kwamfuta lamba a ga halinta. Garantin wadda aka saya a Najeriya ba lallai ne a karɓe shi a wata ƙasa ba.

Akwai kuma gyara ta saiti, wanda na fi so saboda ba a kwance komai. Kwamfutar da aka sake ta za ta yi ta ƙoƙarin fitar da hoto 140 a daƙiƙa, ta ɗauki zafi, ta faɗo zuwa 50, ta sake hawa, kuma wannan hawa da saukar shi ido ke gani. Idan aka ɗaure ta a hoto 60, wato kowane hoto yana zuwa bayan kusan miliseken 17 ba sauyi, wasan ya fi daɗin kallo, fanka ta sassauta, maƙwabcin da bango siriri ya raba ku da shi ya sami barci. A sashen sarrafa wuta na Windows, idan aka rage iyakar ƙarfin furosesa daga kashi 100 zuwa 99, kwamfutoci da yawa suna daina ƙarin gudun nan da ke haifar da mafi yawan zafi, kuma a wasannin da nauyinsu ke kan katin hoto da ƙyar za a ji bambanci. Wanda zai riƙa biyan kuɗin wuta da kansa ya tuna cewa kwamfuta mai cin wat 200, a awa biyar ta cinye yunit guda.

Cijewar da ba ta zafi ba takan fito daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai gig 8 a sanda ɗaya, wanda ƙara masa ta biyu ke warkarwa, ko daga katin hoto mai gig 4 da aka ɗora wa saiti mafi girma, ko daga wasan da aka ajiye a tsohon faifai mai juyawa maimakon SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri. Sababbin wasanni da yawa kuma sukan cije a kwanakin farko, ko bayan an sabunta direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto, domin suna harhaɗa bayanan haske da inuwa, wannan yana wucewa da kansa. Intanet ɗin can mai sauri ma yana da nasa sharrin, domin Windows da manhajar wasanni ta Steam da manhajar ajiya ta OneDrive, waɗanda tsadar data ta sa muke ɗaure su a gida, suna samun sake sai su kama saukar da abubuwa a ɓoye ana tsakar wasa. A gidan ɗalibai kuwa, inda mutane da yawa ke kan Wi-Fi ɗaya da daddare, a nemi layin gigahaz 5 a bar na 2.4, ko a duba bango, sau da yawa akwai ramin igiyar intanet a bayan tebur wanda babu mai kula shi.

Idan an shigo da kwamfuta daga sanyin waje zuwa ɗaki mai ɗumi, a bar ta cikin jaka kamar awa ɗaya kafin a kunna, domin raɓa tana kwanta mata a ciki kamar yadda take kwanta wa gilashin ido. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai kuwa a daina cajinsa nan take, a kai shi wurin karɓar tsofaffin batura, ba a jefa shi a kwandon shara.

Masu shirin tafiya su kawo ta a share a nan tun ana saura mako biyu, domin a sami lokacin gwada ta. Ƙananan sukudireba su shiga babban akwati, gwangwanin iska a bar shi sai an isa domin ba a hawa jirgi da shi, kwamfutar kuma ta zauna a jakar hannu tare da cajarta, a kashe ta gaba ɗaya, kada a rufe murfi kawai a cusa ta tsakanin kilishi da yaji.