Yadda ake kai yaron riƙo Ingila ko Amurka ba tare da an saɓa wa doka ba

Ranar sadakar bakwai ta yayana, bayan jama'a sun watse an naɗe tabarmi, mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta, ta nuna mini yarinyar da ya bari, 'yar shekara 6 wadda uwarta ta riga shi rasuwa, ta ce: "Ga 'yarka nan, in za ka koma Ingila ka tafi da ita, ni ƙarfina ya ƙare." Na ce: "To, Hajiya, Allah ya ba mu ikon riƙewa." A ƙasar Hausa magana ta ƙare ke nan, domin riƙo ba ya buƙatar alƙali ko takarda, baffa uba ne, kuma babu mai tambayar dalilin da ya sa marainiya ta koma gidansa. Amma daga wannan rana zuwa ranar da yarinyar ta sauka daga jirgi sai da aka shafe watanni 16, kuma yawancin jinkirin ya samo asali ne daga abubuwan da ban sani ba tun farko.

Abu na farko da ya kamata mutum ya warware, tun kafin ya nemi lauya, shi ne wane irin riƙo yake nufi, domin abin da muke kira riƙo daban yake da abin da dokokin Turai da Amurka suke nufi da ɗaukar ɗa. A wurinsu, idan kotu ta ba ka yaro, dangantakarsa ta shari'a da iyayen da suka haife shi ta yanke, ya zama ɗanka ta kowace fuska. Wannan shi ne abin da malamai suke kira tabanni, wanda ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab suka soke, har aka daina kiran Zaidu ɗan Harisa da sunan ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da Musulunci ya kwaɗaitar shi ne kafala: ka ɗauki nauyin ci da sha da sutura da tarbiyyar yaro, amma ya ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, kuma ba ya cin gadonka, sai dai ka yi masa kyauta da ranka ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20, sai dai hakan bai sa ofisoshin jakadanci suna ba da biza da takardar kafala kaɗai ba. Saboda haka a zauna da malamin da ya san fiƙihu kuma ya san halin zaman Turai, a fayyace batun suna da gado da muharramaka. Idan jariri ne da bai wuce shekara 2 ba, shayarwa tana warware matsalar muharramaka. Idan kuwa 'yar ɗan'uwa ce kamar tawa, baffa muharraminta ne, amma 'ya'yansa maza ba muharramanta ba ne, kuma gara a san da haka tun kafin su girma a gida ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da kotun gida, a samo takarda, sannan a je ofishin jakadanci da tunanin cewa sauran aiki buga hatimi ne kawai. Daga ƙasar da kake zaune ake farawa, domin ita ce za ta ba da biza. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a birnin Hague a 1993, wadda ta tsara yadda ake ɗaukar yara daga wata ƙasa zuwa wata ta hannun hukumomin gwamnati na ɓangarorin biyu. Ta fara aiki a Ghana a 2017, a Nijar kuma a 2021, amma Najeriya ba ta cikinta, abin da ya sa takardun da suka fito daga Najeriya suke shan binciken ƙwaƙƙwafi.

Ga mazaunin Birtaniya, akwai ranaku biyu da ya wajaba ya sani. Tun daga 3 ga Janairun 2014 ƙasar ta daina amincewa kai tsaye da hukuncin ɗaukar ɗa da kotun Najeriya ta yanke, sannan a watan Maris na 2021 ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ɗaukar yara daga cikinsu, saboda rashin ingancin takardu, da cin hanci, da safarar yara. Wanda ya dage a kan wannan hanya sai ya nemi Ma'aikatar Ilimi ta ware shi daga takunkumin bisa wani dalili na musamman, bayan an tantance shi da gidansa. Shigo da yaro da niyyar ɗaukarsa ɗa ba tare da wannan tantancewa ba laifi ne da zai iya kai mutum ga ɗaurin watanni 12. Ni ban bi ta nan ba. Lauyan shige da fice da na gani ya nuna mini wata ƙofa a dokokinsu, wadda ta ba wa yaron da bai kai shekara 18 ba damar zuwa wurin ɗan'uwansa na jini mai izinin zaman dindindin, idan akwai dalilai masu ƙarfi da suka sa barinsa a inda yake zai cutar da shi, kuma an tanadar masa wurin zama da abin da za a riƙe shi. Wannan ƙofa ta fi dacewa da kafala, tunda ba ta taɓa sunan yaro ko nasabarsa. Sai dai ƙunci gare ta: talauci kaɗai ba ya zama hujja, haka ma son yaro ya sami makaranta mai kyau. Tambayar da za a yi ta maimaita maka ita ce, me ya hana sauran dangi da ke gida su riƙe shi? Dole amsarka ta zo da shaida, kamar takardar likita kan lafiyar kaka, da bayanin halin da kowane kawu da gwaggo suke ciki.

A Amurka kuwa, ɗan ƙasa ne kaɗai yake iya shigar da buƙatar kawo maraya. Mai katin zaman dindindin ba shi da wannan dama. Ana farawa da fom ɗin I-600A, na tantance cancantar mai neman ɗaukar yaro, tare da rahoton binciken gida, inda jami'in jin daɗin jama'a zai duba ɗakuna da kuɗin shiga da lafiya da tarihin kowane baligi a gidan, sannan a shigar da fom ɗin I-600, na neman kawo shi kansa yaron, kafin ya cika shekara 16. Tun daga Yulin 2014 wajibi ne a bi ta hannun hukumar ɗaukar yara da aka amince da ita, ko da ƙasar yaron ba ta cikin yarjejeniyar Hague. Kalmar maraya ma tana da ma'ana ta musamman a dokarsu. Mu wanda ya rasa uba maraya ne, su kuwa idan uwa tana raye sai an nuna cewa ba ta iya kula da shi, kuma ta sallama shi a rubuce, sallamar da babu janyewa. Ƙa'idojin bizar Amurka ga 'yan Najeriya da Nijar suna sauyawa, don haka a duba abin da yake aiki a ranar da za a fara, kafin a kashe ko sisi.

Bayan an san ƙofar da za a bi, sai a waiwayo gida. Dokar haƙƙin yara ta tarayyar Najeriya ta 2003 ta gindaya sharuɗɗa ga mai son ɗaukar ɗa: ya kasance ɗan Najeriya, ya kai shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, ya zauna a jihar shekara 5, yaron ya kasance a hannunsa watanni 3 a jere kafin hukunci, kuma ya sanar da jami'in jin daɗin jama'a watanni 12 kafin nan. Kowace jiha tana da nata tsari, kuma jihohin Arewa da dama sun gyara dokar don ta dace da shari'ar Musulunci, shi ya sa ofishin da za a fara zuwa shi ne ma'aikatar harkokin mata ko ta jin daɗin jama'a ta jihar da yaron yake. Ko da hanyar ɗan'uwa za a bi, a nemi hukuncin kotu da ya miƙa maka riƙon yaron, tare da amincewar dangin uba da na uwa a rubuce. Kada a raina dangin uwa; a fiƙihun Malikiyya kakar wajen uwa tana kan gaba a haƙƙin reno, kuma koke ɗaya daga gare ta ya isa ya tsayar da komai.

Takardu su ne suka fi cinye mini lokaci. Yayana ya rasu da hantsi, an binne shi kafin la'asar, kamar yadda muka saba, kuma babu wanda ya yi tunanin karɓar takardar shaidar rasuwa a wannan rana. Sai da na koma asibiti aka tono fayil, sannan aka yi rajistar rasuwar a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ita ce kuma take ba da takardar haihuwa. Da na baje takardun a kan tebur sai na ga an rubuta sunansa iri uku: Muhammad a takardar haihuwar yarinyar, Mohammed a katin asibiti, Mamman a rajistar makarantarta. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin jami'in biza kuwa mutum uku ne har sai an tabbatar masa, kuma hakan ya ci takardar rantsuwa a kotu da makonni da dama. A daidaita sunaye da ranakun haihuwa kafin a yi wa yaro lambar NIN da fasfo, domin gyara bayan nan ya fi wuya. A kuma adana rasit na duk kuɗin da aka aika don makaranta ko magani, da hotunan ziyara, da tarihin kiran waya, saboda su ne suke nuna cewa alaƙar ba jiya aka ƙirƙire ta ba. Mai neman bizar Birtaniya ta fiye da watanni 6 daga Najeriya zai kuma kai yaron asibitin da aka amince da shi don takardar gwajin tarin fuka.

A tsakiyar wannan wahala ne wani zai matso kusa ya ce: "Alhaji, me ya sa kake wahalar da kanka? A yi mata takardar haihuwa da sunanka mana, ai 'yarka ce." An faɗa mini haka fiye da sau ɗaya, kuma masu faɗar ba mugaye ba ne. Kada a yarda. Ofishin jakadanci yana iya neman gwajin jini na DNA, kuma idan ƙarya ta fito, bizar ta tafi, izinin zamanka ma yana iya shiga haɗari, ga shi kuma an jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, abin da addini ya hana tun farko. Haka nan kada a kawo yaro da bizar ziyara da niyyar ya zauna. Tsananin jami'an Ingila yana da tushe: a watan Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara 8 daga Kodebuwa, Victoria Climbié, ta rasu a Landan sakamakon azabtarwar 'yar'uwar kakanta da ta ɗauko ta da alƙawarin karatu, kuma binciken da ya biyo baya shi ya haifar da dokar yara ta 2004. Wanda kuma zai ɗauki yaron da ba danginsa ba, ya tsaya ga gidan marayun da gwamnatin jiha ta yi wa rajista, ya guji duk wanda ya ce zai samo masa jariri a kan kuɗi. Mutanen Kano ba su manta da yara 9 da aka sace aka gano a jihar Anambra a 2019 ba, kuma irin wannan ciniki ne NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, take farauta.

Idan biza ta fito, ka je da kanka ka ɗauko yaron, ka riƙe ainihin hukuncin kotu da takardun rasuwa a jakar hannu, domin ana iya tambayarsu a filin jirgin gida da na can. Kada a ɓoye masa tafiyar. A bar shi ya yi sallama da kakanni da abokan wasa, a haɗa masa hoton iyayensa da wani abu nasu da zai riƙe. Da an isa, a yi masa rajista da likita a makon farko, a kai katin rigakafinsa, a nemi gurbin makaranta ta hannun ƙaramar hukuma. A Ingila, idan yaron bai kai shekara 16 ba kuma mariƙinsa ba kaka ko kawu ko baffa ko gwaggo ko inna ko yaya ba ne, wajibi ne a sanar da ƙaramar hukuma matuƙar zai zauna kwana 28 ko fiye. Ɗan baffa da aminin uba ba sa cikin makusantan da aka ɗauke wa wannan.

Sauran aikin ba na takarda ba ne. Tamu ta sauka a watan Nuwamba, lokacin da rana take faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, ta tsaya a taga ta tambayi matata: "Umma, an yi magariba ne ba a kira salla ba?" Ta yi makonni ba ta cin komai sai shinkafa da wake da mai da yaji, muka bar ta a kan haka. Wata rana matata ta tarar da gutsattsarin burodi a ƙarƙashin matashinta, ba ta yi mata faɗa ba, sai ta ajiye mata kwanon dabino a inda hannunta zai kai, ta ce nata ne ko da tsakar dare. Fitsarin kwance ya dawo na ɗan lokaci, ya kuma wuce da kansa. Mun sanar da malamarta halin da take ciki tun ranar farko, mun ci gaba da yi mata Hausa a gida duk da masu cewa hakan zai hana ta koyon Turanci, kuma mun tsayar da yammacin kowace Juma'a don kiran Hajiya ta bidiyo. A rajistar makaranta sunan mahaifinta ne a bayan nata, ni kuma Baffa take kira na, kuma duk sanda wani fom ya zo da gurbin uba, sunan yayana nake rubutawa, in sa nawa a gurbin mai riƙo.